Ko Akwai Algus A Cikin Kyauta?

Malaman fikihu sun daɗe da gama magana a kan algus a cikin ciniki. Wanda ya zuba ruwa a nono, da wanda ya jera manyan tumatir a bakin kwando ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa, da wanda ya buga gindin mudu domin ya rage cikinsa, duk an san hukuncinsu, ba ya bukatar dogon bayani. Amma dukkan waɗannan akwai kuɗi a tsakani: wani ya biya, aka ba shi abin da bai kai kuɗinsa ba. To, yaya ke nan idan babu kuɗi a tsakani ko kaɗan? Mutum ya fito karɓar abin da mai shi ya ce kyauta ne ga kowa, sai wani ya tare shi a hanya ya miƙa masa wani abu dabam, bai karɓi ko kwabo daga hannunsa ba. Shin wannan ya yi algus, ko kuwa iyakar laifinsa rashin kirki? Wannan tambaya ta wuce ta zaman hira, gama abin yana faruwa dare da rana a intanet, kuma galibin waɗanda ya ke faɗa wa su ne masu ƙaramin ƙarfi.

Akwai wani jinsi na manhajar kwamfuta da a ke kira buɗaɗɗiya, watau wadda masu ita suka bayyana asalin rubutunta ga kowa, suka kuma yarda a kwafe ta, a gyara ta, a raba wa jama'a. Richard Stallman ne ya ɗaga tutar wannan tafarki a Amurka a 1983 da shirinsa mai suna GNU, a 1989 kuma ya fitar da lasisin GPL wanda da yawa daga cikin irin waɗannan manhajoji ke tafiya a kansa. Daga cikin waɗanda suka shahara akwai Firefox ta shiga intanet, da LibreOffice ta rubutu da lissafi, da VLC ta kallo da sauraro, da GIMP ta gyaran hoto, da Audacity ta gyaran murya. Abin ya yi kama da rijiyar da wani bawan Allah ya haƙa a bakin hanya domin matafiya. Ba za a kira shi wakafi ba a ma'anar fikihu, domin marubutan ba su fitar da shi daga mallakarsu ba, izni suka bayar bisa sharaɗi. Amma a idon mai ɗiban ruwa duk ɗaya ne.

Kowace manhaja kuwa zubi-zubi ta ke fitowa, kowane da lambarsa, sabo yana maye gurbin tsoho. Mai karatu zai iya cewa, tun da sabon ma kyauta ne, me zai kai mutum neman tsoho? Amsar tana kan teburin duk wanda ke aiki da kwamfutar gwanjo, irin wadda ta cika shagunan buga takardu da ofisoshin makarantu a Kano da Maraɗi da Zariya. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows XP a 2014, da Windows 7 a 2020, da Windows 10 a watan Oktoba na 2025, masu rubuta manhaja kuwa su kan bi sahunsa sannu a hankali. Firefox 52 ita ce ta ƙarshe da ke aiki a kan XP, Firefox 115 ita ce ta ƙarshe a kan Windows 7, LibreOffice kuma ta yi sallama da XP bayan zubi na 5.4. Wanda ke da tsohuwar na'ura, idan ya sauke sabon zubi, ko dai ya ƙi hawa, ko ya hau ya danne ta har ta kasa motsi. Wani kuma ba na'urarsa ce ta tsufa ba, sabon ne bai gamshe shi ba. A 2021, bayan kamfanin Muse Group ya mallaki Audacity, aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan shirinsa na tattara bayanan masu amfani da ita, mutane da yawa suka koma neman zubin da ya gabaci cinikin.

Mai neman tsohon zubi ya fi kowa sauƙin kamu. Mai neman sabo da ya isa gidan masu manhajar zai tarar da ita a bakin ƙofa. Shi kuwa wannan abin da ya ke nema yana can ƙuryar ɗaki, wani lokaci ba a ma nuna hanyar ɗakin ba. Sabo da haka ya kan koma ya rubuta bukatarsa a injin bincike, ya bi duk wanda ya fara amsa masa.

A nan ya kamata a fahimci yadda mahaɗi ke aiki, watau rubutu ko hoton da a ke latsawa ya kai mutum wani wuri. Mahaɗi fuska biyu gare shi, zahiri da baɗini. Zahirinsa shi ne abin da ido ke gani, baɗininsa kuwa shi ne adireshin da zai kai mai latsawa. Mai shafin ne ke rubuta duka biyun, kuma babu wani abu a cikin ƙirar intanet da ya tilasta masa ya sa su dace da juna. Yana iya rubuta sunan masallaci a kan allon da ke nuna hanyar mashaya. Shi ya sa mutum kan shiga shafi ya ga koren madanni babba an rubuta masa kalmar saukewa, a gefe ga wani, a ƙasa ga wani, na gaskiyar kuwa ɗan siririn rubutu ne a lungu. Manyan nan tallace-tallace ne da aka ɗinka wa rigar madanni.

Labarin GIMP da dandalin SourceForge ya isa misali, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. An kafa SourceForge a 1999, ya zama kamar gidan fatoma ga masu buɗaɗɗiyar manhaja: a nan su ke sauke kayansu, tsoho da sabo, a nan jama'a ke zuwa ɗauka, mai gida kuma yana cin abincinsa daga talla. Shekaru da yawa sunansa kaɗai ya isa shaida. A 2013 dandalin ya fito da wani tsari mai suna DevShare, inda a ke naɗe manhaja a cikin wani ƙunshi, idan mutum ya zo girka ta sai a riƙa gabatar masa da waɗansu manhajojin talla da bai nema ba, kuɗin da aka samu a raba da marubucin da ya yarda. A watan Nuwamba na wannan shekara masu GIMP suka kwashe kayansu suka bar gidan, suka kuma faɗi dalili a fili: wannan ƙunshi, da kuma madannan ƙarya da ke ruɗa baƙinsu.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce an rabu lafiya. Amma a watan Mayu na 2015 sai aka gano cewa SourceForge ya karɓe shafin GIMP ta Windows daga hannun mai kula da shi, yana raba ta a cikin irin wancan ƙunshin na talla, da sunanta da tambarinta. Da aka yi ca a kansu, hujjar da suka kawo ita ce ba ƙwace shafin suka yi ba, yasar da shi aka yi fiye da wata 18, su kuwa suka ɗauka suna kula da shi. Wannan hujja ɗalibin da ya karanta babin tsintuwa ma ba zai karɓe ta ba. Tsintuwa ita ce abin da ba a san mai shi ba, shi ma ɗin sai an yi cigiyarsa shekara guda. Masu GIMP kuwa suna nan da ransu, an san inda suka koma, an kuma san abin da ya kore su. Abin da suka bari a gidan ajiya ne, mai riƙon ajiya kuwa ba shi da ikon ya buɗe buhu ya ƙara wani abu a ciki, balle ya ƙara ainihin abin da mai buhun ya yi ƙaura sabo da shi. Gordon Lyon, marubucin Nmap, shi ma ya koka cewa an karɓe nasa shafin a wannan shekara, bayan tun a 2011 ya yi irin wannan faɗa da dandalin Download.com wanda ya naɗe manhajarsa a ƙunshin talla. Gaskiya ta wajabta a ƙara da cewa an sayar da SourceForge ga kamfanin BIZX a farkon 2016, sababbin masu shi kuma suka soke DevShare a watan Fabrairu na shekarar.

To, a koma ga tambayar farko. Mai irin wannan sana'a kariyarsa ta fari ita ce: me na karɓa daga hannunsa? Kyauta ya zo nema, kyauta ya tafi da ita. Amma a duba ɗan kamasho a tasha. Fasinja ba ya biyansa, direba ne ke biyansa a kan kowane kai da ya kawo. Idan ya ga baƙo yana neman motar Katsina, ya rantse masa cewa ga ta nan, ya tura shi cikin motar Gusau domin ya karɓi ladansa, shin akwai mai hankalin da zai ce bai cuce shi ba domin bai taɓa aljihunsa ba? Haka abin ya ke. Masu talla suna biya a kan kowace latsawa da kowace girkawa. Cinikin yana nan, an dai ƙulla shi ne a bayan idon baƙon, kuma ruɗewarsa ita ce abin da aka sayar. Sa'an nan ba gaskiya ba ne cewa bai yi asarar kome ba. Ya yi asarar kuɗin data, wanda ga talaka ba wasa ba ne. Ya yi asarar lokacinsa, da ƙarfin na'urar da dā ma da ƙyar ta ke numfashi. Akwai kuma wanda aka cuta na biyu da ba a cika tunawa da shi ba, watau marubucin da ya kwana yana aiki domin jama'a, aka wayi gari mutane suna tsine wa manhajarsa sabo da dattin da ba shi ya zuba ba.

Kariya ta biyu ta fi ta farko wayo. Ya kan ce: ban yi ƙarya ba. Madannin cewa ya yi a sauke, kuma wanda ya latsa ya sauke wani abu, ban ce masa GIMP ce ba. Wannan ita ce ainihin mas'alar da hadisin tsibin abinci ya warware, wanda Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tsibin, ya ji danshi. Mai kayan ya ba da uzurin cewa ruwan sama ne ya taɓa shi. Aka tuhume shi a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, aka kuma barranta daga mai algus. Abin lura shi ne ba a ruwaito cewa mutumin ya furta ƙarya ko ɗaya ba. Bai ce wa kowa abincinsa busasshe ne ba. Jerin da ya yi wa kayan shi ne ya yi maganar a madadinsa. Wanda ya girmama madannin ƙarya ya ƙanƙantar da na gaskiya, ya ajiye shi daidai inda ido ke fara sauka, a ƙarƙashin sunan manhajar da a ke nema, jeri ya yi, kuma ya san abin da jerin zai faɗa wa baƙo.

Malamai suna da suna ga wannan, shi ne tadlisi, kuma masana lugga sun ce asalin kalmar daga duhu ne, kamar dai mai yin sa ya rage hasken fitila ne domin kada a ga abu sosai. Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani ya ambace shi a babin ciniki na Risala tare da ɓoye aibi da cakuɗa mummuna da kyakkyawa. Malaman hadisi ma sun san shi a nasu fagen: mai ruwaya ya yi amfani da lafazin da ke sa a zaci ya ji daga malami alhali akwai wani a tsakani da ya ɓoye, ko ya kira malaminsa da sunan da ba a san shi da shi ba. Ba su kira mai yin haka maƙaryaci kai tsaye ba, amma sun ƙi karɓar ruwayarsa sai ya bayyana cewa da kunnensa ya ji, har Ibn Hajar al-Askalani, wanda ya rasu a 852 bayan Hijira, ya tsara sunayensu hawa biyar. Al'ummar da ta yi wannan taka-tsantsan a kan harafi ɗaya a cikin isnadi ba za ta rasa abin cewa a kan mahaɗi mai fuska biyu ba.

Harafi ɗaya kuwa ba ƙaramin abu ba ne. A watan Oktoba na 2023 masu binciken tsaro na kamfanin Malwarebytes suka bayyana wata talla a Google da ke kwaikwayon KeePass, manhajar da a ke adana kalmomin sirri a cikinta. Adireshin da ta ke kai mutum daidai ya ke da na gaskiya, sai dai harafin farko, inda aka sa ķ mai ɗan wutsiya a ƙasa, irin na rubutun mutanen Latbiya, wanda a kan gilashi sai a ɗauka ƙura ce. Bahaushe ya fi kowa sanin wannan haɗari, shi da lanƙwasa ɗaya ke raba masa baki da baƙi, da kafa da ƙafa. Shekara guda kafin nan, a Oktoba na 2022, an ga wata tallar a Google tana nuna adireshin GIMP na gaskiya a zahiri, amma tana kai mutane wani shafi na jabu, inda su ke sauke muguwar manhaja mai satar kalmomin sirri. Ita kanta 'yar ƙarama ce, sai aka cusa mata tarkacen banza har ta kai wajen megabait 700. Mai karatun da ya san hukuncin dabbar da a ke ƙin tatsa kwana da kwanaki domin hantsarta ta cika a ranar kasuwa, ba ya bukatar a yi masa sharhi.

Waɗannan na baya ɓarayi ne tsantsa, babu saɓani a kansu. Abin da ke bukatar nazari shi ne matsayin wanda ya karɓi kuɗi ya ɗora su a gaban layi. Talla a injin bincike tana zama ne a saman amsar gaskiya, watau tana tarar mai nema tun bai isa kasuwa ba. Shari'a ta hana a fita bayan gari a tari ayari a saye kayansu kafin su san farashi. Surar ba ɗaya ba ce, gama can mai sayarwa a ke tara, nan kuwa mai nema, amma illar guda ce: cin moriyar jahilcin baƙo kafin ya kai inda zai gane wa idonsa. Kamfanin Google ya san matsalar, domin tun a watan Fabrairu na 2016 ya sanar cewa zai riƙa gargaɗin mutane game da shafuffukan da ke ɗauke da madannan saukewa na ƙarya. Duk da haka abin ya kai ga hukumar FBI ta Amurka ta fitar da sanarwa a watan Disamba na 2022 tana jan kunnen jama'a a kan tallace-tallacen injin bincike masu kwaikwayon sanannun sunaye, har tana ba da shawarar a sa manhajar toshe talla. Dillalin da ke karɓar la'ada ba zai ce tantance haja ya fi ƙarfinsa sabo da yawanta ba, alhali ƙirga la'adar bai taɓa fin ƙarfinsa ba.

Saura kariya ta uku, ita ce ta lasisi da yarda. Gaskiya ne GPL ya halatta a gyara manhaja a raba, har ma a sayar. Amma shi kansa ya shar'anta cewa wanda ya canza wani abu ya rubuta a fili cewa ya canza. Suna kuma hukuncinsa dabam. Lokacin da masu Debian suka saɓa da Mozilla a kan gyare-gyaren da su ke yi wa Firefox, sai suka sake wa tasu suna, suka kira ta Iceweasel daga 2006 har zuwa 2016 da aka daidaita. Wannan ita ce hanyar masu mutunci. Ko da ma an ɗauka cewa mai ƙunshin talla bai karya ko sharaɗi ɗaya na lasisi ba, lasisi alkawari ne tsakaninsa da marubuci, bai shafe hakkin mai karɓa ba. Cewa kuma ai mutumin da hannunsa ya latsa amincewa, to, yarda ba ta tabbata sai da sani. Malaman Malikiyya sun wajabta wa wanda ya san aibin hajarsa ya bayyana shi filla-filla, ba su yarda ya dunƙule shi cikin magana mai harshen damo ba. Allon da aka tsara domin mai gaggawa ya latsa bai karanta ba, an riga an cika masa akwatin amincewa, an dusashe madannin ƙi, bai cika wannan sharaɗi ba.

Akwai wata fuskar mas'alar da ta fi duk waɗannan wuya, domin mai yin ta mutumin kirki ne. Tsohon zubi yana da haɗari na gaskiya. Duk ɓarakar tsaro da aka gano aka toshe a sabon zubi a kan wallafa bayaninta, sabo da haka ɓarawo ya san ta, ita kuwa tana nan a buɗe a cikin tsohon har abada. Marubucin da ya san haka ba ya son ya ga mutane suna ɗaukar tsoho. Wani sai ya binne rumbun tsofaffin a inda ba mai gani. Wani ya rubuta mahaɗi da sunan tsofaffin zubi, amma wanda ya bi shi ya yi ta zagaye har ya sake faɗowa kan sabon. Niyyarsa nasiha ce, ba ya cin ko anini. Shin an yarda a karkatar da mutum domin amfanin kansa?

Yana da ikon ya hana, wannan babu shakka. Mai kyauta ba a tilasta masa, idan ya rubuta a fili cewa ba ya raba tsohon zubi sabo da kaza da kaza, ya fita. Yana kuma da ikon ya bayar tare da gargaɗi, kamar yadda Mozilla ke ajiye tsofaffin zubin Firefox a rumbunta tana kuma faɗa wa mai nema cewa ba su da tsaro, haka ma masu LibreOffice suna da nasu rumbun. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya rubuta abu a kan ƙofa ya ajiye wani a ciki. Za a ce ai uwa ta kan ɓoye magani a cikin zuma. Haka ne, amma yaro ta ke yi wa. Mai tsohuwar kwamfuta baligi ne, ya kuma san abin da marubucin bai sani ba, watau halin na'urarsa da halin aljihunsa. Kauce wa magana ta hanyar tauriyya malamai sun yi rangwame a kanta domin kuɓuta daga azzalumi, ba su buɗe ta ga wanda ke fuskantar mai tambaya da gaskiya a kan abin da ya shafe shi ba.

Idan kuwa marubucin ya kafa hujja da toshe kafar ɓarna, wadda ƙa'ida ce sananniya a mazhabar Imamu Malik, sai a ce masa ƙa'idar nan da sakamako a ke auna ta. Wanda aka wahalar a gidan gaskiya ba ya komawa ya sayi sabuwar kwamfuta, ba shi da kuɗinta. Fita ya ke yi ya faɗa hannun na bakin hanya, ya samo tsohon zubin dai da aka hana shi, da ɓarakarsa, an kuma ƙara masa guba a kai. An toshe kafar ɓera an buɗe ta kura. Ba za a ɗora wa marubucin zunubin ɓarawo ba, amma ba za a ce dabararsa ta yi amfani ba.

Shi ma mai nema yana da nasa kason, idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Ya kamata ya san adireshin masu manhajar ya rubuta shi da hannunsa, ya tsallake duk abin da aka yi wa alamar talla, ya kuma ɗora manunin a kan mahaɗi ya karanta baɗininsa a ƙasan gilashi kafin ya latsa. Masu manhaja da yawa su kan wallafa wata lambar tantancewa, irin ta SHA-256 mai harafi da lamba 64, wadda a ke lissafowa daga jikin kayan, idan an canza ko ɗigo ɗaya sai ta canza gaba ɗaya. Amma ita ma tana da iyaka. A ranar 20 ga Fabrairu 2016 ɓarayi suka kutsa shafin Linux Mint na gaskiya, suka juya mahaɗin saukewa zuwa ga wani gurɓataccen zubi na 17.3, shugaban aikin Clement Lefebvre kuwa ya fito nan da nan ya sanar da duniya bai ɓoye ba. Wanda ya iya canza mahaɗi a shafi yana iya canza lambar da ke kusa da shi, shaidu biyu ne daga gida ɗaya. Shi ya sa sa hannun marubuci na sirri, wanda a ke gwada shi da mabuɗin da aka samo ta wata hanya dabam, ya fi ƙarfi. Sai dai mutum nawa ne cikin masu shagon buga takardu suka san wannan? An ruwaito a Buhari da Muslim labarin wani mutum da a ke yawan cuta a ciniki, ya kai kuka ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ba a zarge shi da wauta ba, an koya masa sharaɗin da zai riƙa gindayawa ya kare kansa. Gafalar wanda aka cuta ba ta taɓa zama wanka ga macuci ba.

A ƙasashen Hausa galibin mutane ba da kansu su ke sauke manhaja ba. Mai gyara su ke kai wa, shi kuwa ya zaro 'yar ma'ajiyarsa da ya cika da manhajoji, waɗansu ya sauke da kansa, waɗansu ya kwafa daga abokin sana'a wanda shi ma ya kwafa daga wani. Isnadi ne mai tsawo wanda ba a san farkonsa ba, kuma gurɓataccen zubi ɗaya a cikinsa yana iya zaga kwamfutocin unguwa guda. Mai gyaran nan ya tashi daga matsayin wanda a ke ruɗa ya koma matsayin mai ruwaya, kuma lada ya ke karɓa. Idan ya girka wa mai XP Firefox 52, wajibinsa ne ya gaya masa cewa wannan zubi na 2017 ne, an daina toshe ɓarakarsa tun 2018, kada ya shiga asusun bankinsa da shi. Malikiyya sun ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka damƙa musu, irin su maɗinki da marini, domin kare dukiyar jama'a. Ko wannan lamuni zai kai ga mai gyaran da ya ɗauko manhaja daga madannin farko da ya gani, har aka kwashe kuɗin mai kwamfuta ta dalilinta, wannan mas'ala ce da ke jiran alƙalai, kuma abin da za su fara tambayarsa shi ne daga ina ya samo ta.